Tanti Uku a Kan Ƙanƙara

Tun ranar da na dawo daga Kanada ban sayi ko barkono cikin kwanciyar hankali a Wheaton, garinmu na nan Maryland, ba. Ina shiga shagon kayan miya sai wani ya tare ni: "Malam Haruna, wai da gaske a kan ruwa ka wuni?" In na je Juma'a haka, in ana suna a Beltsville haka. Har akwai wani likita a cikinmu da ya dage sai na faɗa masa irin tantin da zai saya, shi da ko yatsa bai taɓa tsomawa a kogin Potomac ba. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

In fara da gaskiya, ba kifi na je kamawa ba. Mutum na je kamawa.

Nafisa 'yar yayana ce, a gidana ta zauna har ta gama karatun haɗa magunguna. Wata rana ta zo mana da maganar wani Bature da suke aiki tare, wai ya musulunta tun kafin su haɗu, a masallaci ana kiransa Kabiru. Na buga wa Yaya Sule waya a Funtua. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Haruna, ban san shi ba, ban san ubansa ba. Idonka idona ne. In ka ce e, na ba shi. In ka ce a'a, sai ta haƙura. Ka ba ni amsa kafin wata ya ƙare."

A gida bincike ba wuya. Ka tambayi mai unguwa, ka tambayi liman, ka zauna wurin mai shayi rabin awa, har kakan kakan yaro sai ka ji labarinsa. A nan kuwa na je har unguwarsu na tare maƙwabcinsa, abin da kawai ya iya faɗa mini shi ne yaron yana fitar da shararsa a kan lokaci. To wa zai ba da 'ya a kan shara? Da Nafisa ta ce mini zai tafi kamun kifi a wani daskararren tafki a arewacin Toronto, inda ubansa ya saba kai shi tun yana yaro, sai na ce ta gaya masa da ni za a je. Manya sun ce ba a sanin mutum sai an yi tafiya da shi. Na ɗauki abokina Isuhu, mutumin Maraɗi, ɗan jarida, don a samu shaida.

Bayan sallar asuba Kabiru ya iso. Ina fitowa ya sauko daga mota, ya durƙusa a kan dusar ƙanƙara, kansa a ƙasa, yana wani gunguni. Na ce a raina, yanzu ya ga damar ɗaure igiyar takalmi? Ya tashi ya buɗe mini ƙofar baya, ya sa Isuhu a gaba, ya mai da ni fasinjan tasi. Nafisa na tsaye a bakin ƙofa da mayafi, ko murmushi ta kasa.

Tun kafin mu bar Maryland na fara yi masa tambayoyi. Ina iyayensa, me ya kawo shi Musulunci, ya taɓa aure? Yana amsawa tsaf, amma gilashin gaba yake amsa wa. Ko a madubi idonmu ya haɗu sai ya yi sauri ya kau da kai. Shekara ashirin da biyu na yi a ƙasar nan, kuma a makona na farko a wurin aiki shugabana ya ce mini, "In kana magana ka dube ni, in ba haka ba zan ɗauka ƙarya kake yi." Na riƙe wannan karatu da kyau. Har 'ya'yana na koya wa.

A Pennsylvania muka tsaya wani wurin hutawa. Uwargida Rabi ta haɗo mana dambun nama da waina, muka baje a kan tebur. Na ce masa bismillah. Sai ya juya wajen Isuhu ya ce da Turanci, "Ka ce masa na gode, ba na jin yunwa." Ina zaune nan fa, taku biyu tsakaninmu! Ya fita ya zagaya bayan mota. Da ya dawo yana goge baki, na hango wata 'yar kwalbar ƙarfe tana leƙowa daga aljihunsa.

Isuhu ya matso kusa da kunnena. "Ka ga abin da na gani? Wagga kwalba hwa ba ta turare ba ce."

Na ce, "Bar shi. Kifi na ganinka, mai jar koma."

Kafin mu kai iyakar Kanada Kabiru ya sake aiko Isuhu ya gaya mini wai nama kan jawo tambayoyi a wurin shiga. Muka tsaya a gidan mai muka cinye dambun mako guda a tsaye, har Isuhu na shaƙuwa. A iyaka wata jami'a ta karɓi takardunmu ta tambayi abin da ya kawo mu. Na ce kamun kifi. Ta dubi hular zanna da ke ƙarƙashin hular sanyina, ta sake duban fasfo. Isuhu ya ga allo da Faransanci, sai ya ji kamar ya zo gida, ya ɓarke mata da Faransancin Maraɗi har sai da ta ɗaga hannu. Sannan ta tambayi Kabiru, "Mene ne tsakaninka da wannan dattijon?"

Yaro ya yi jawur har kunnuwa. Ya ce, "Shi ne... wato... babba ne." Ko sunana ya kasa faɗa, alhali fasfona a hannunsa ya wuce. Aka ce mu yi gefe. Rabin awa ana zazzage mana kaya, aka fito da goro ana jujjuya shi, sai da Isuhu ya gatsa ya tauna a gabansu. Suka sallame mu cikin mutunci. Ni dai na ƙara rubuta ɗaya a raina, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Da magariba muka sauka a wani ɗan otal a bakin tafkin, na wata tsohuwa mai kirki da ke kiran kowa "masoyi", har Isuhu ya fara gyara hula. Ɗakunan warin kifi da jiƙaƙƙen safa suke yi. Ni da Isuhu aka ba mu na kusa da ofis, Kabiru kuwa ya kama na can ƙurya, bayan injin ƙanƙara. Wai ana sayar da ƙanƙara a garin da ko ina ka taka ita ce! Abincin garin dankali ne soyayye da aka yi wa ambaliya da romo da cuku. Na yi ta tambayar romon na mene ne har tsohuwar ta gaji ta soya mana kifi. Kabiru ya ɗauki nasa a leda ya tafi ɗakinsa ya rufe.

Da safe ya sake durƙusawa a ƙofar ɗakinmu. Na ce wa Isuhu, "Wannan igiyar takalmin tasa ba ta da aiki sai kwancewa."

Tafkin kuwa fili ne fari fat, ba ka ganin ƙarshensa, ga motoci suna tafiya a kai kamar hanyar Zariya. Ƙafafuna suka ce ba da su ba. Kabiru ya tayar da injin huda, ya huda rami, ya zura sanda ya auna, ya nuna wa Isuhu cewa kaurin ƙanƙarar ya fi kamu ɗaya. Duk da haka a hankali na riƙa takawa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can ƙasa sai ka ji wani ƙugi mai tsawo. Wai ƙanƙarar ce take ƙara ƙarfi. Wai.

To ga maganar tantuna, likita, buɗe kunnenka.

Uku Kabiru ya kawo. Na farko shuɗi ne, mai kauri, an dinka shi ninki-ninki kamar bargo, aro ya yi wurin ƙanwarsa. Yana da nauyi, sai mutum biyu sun kama jakarsa. Amma kafa shi abin mamaki ne: kowane bango yana da madauki a tsakiya, ka ja sai ka ji ɓam, bangon ya miƙe. Ka ja huɗu, ka shiga ka tura rufin sama, ɗaki ya tashi kafin ka gama sallama. Cikinsa da duhu, kuma duhun da amfaninsa, don in ka leƙa ramin kana ganin ruwa kore shar har ƙasa. Mutum yana tsayawa a miƙe a ciki.

Na biyu na haya ne, haɗe yake da wani dogon bahon roba da ake ja a kan ƙanƙara, da kujera a ciki. Ka zauna, ka jawo rufin daga bayanka ya kife a kanka, shi ke nan. Ya fi kowanne saurin tashi in kifi ya ƙi zuwa kana son canza wuri. Aibinsa gajarta. Isuhu ya shiga ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya fito yana shafa ƙeya. "Bon, wanga na wanda ba ya salla ne."

Na uku ja ne, nasa na kansa, tsoho, shara-shara kamar laimar 'yan kasuwa. Shi ma ja ake yi ya buɗe, kuma da hannu ɗaya kake ɗaukarsa. Duk ukun ba su da daɓe, ƙanƙarar ce ƙasanka. Kuma duk ana kafe su da wasu manyan ƙusoshi da ake murɗawa cikin ƙanƙara. Isuhu ya ce zai taimaka da jan, ya buɗe shi bai kafe ba, iska ta zo ta ce nawa ne. Sai ga tanti yana gangarawa, ɗan jarida na bin sa yana kiran sunan Allah da Hausa da Faransanci, ya zame ya zauna daɓas. Wasu Turawa biyu da ke kamun kifi can gaba suka tare mana shi, suna dariya har da hawaye.

Kabiru ya kafa mini shuɗin, ya huda rami, ya kunna hita mai gas, ya shimfiɗa katako don ƙafata. Ya ba Isuhu mai bahon da wata 'yar ƙaramar hita. Sannan ya ɗauki jan ya tafi nesa, ya kafa shi ƙofar tana kallon wani wajen. Na ɗaga murya na ce nawa fa zai ci mutum huɗu. Ya tsaya daga nesa, kansa a sunkuye, ya ce, "Malam Isuhu, ka ce masa nan ma ya isa."

Ba a jima ba Isuhu ya kwaso hitarsa ya dawo wurina. Muka zauna a kan bokitai kamar masu jiran layin asibiti, kowa da 'yar sandar fatsa da ba ta kai tsawon muciya ba. Akwai wata 'yar taga a sama da Kabiru ya bari a buɗe, iska na shigowa. Na tashi na rufe. Minti biyar ba a yi ba sai ga takunsa a waje. Bai shigo ba. Ta bayan bango ya ce wa Isuhu a gaya mini don Allah a buɗe, hayaƙin hita ba ya wari amma yana kisa. Na buɗe, amma na ce a raina, wato ido yake sa mana ke nan.

Muka kama wasu ƙananan kifaye masu zane a jiki, ko karfasa ta fi su auki. Isuhu ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu. "Awa tara muna tahiya don wanga? A Maraɗi ko kyanwa sai ta yi shawara."

Da azahar ta yi muka yi salla a kan tabarmar roba, bayan Isuhu ya gama muhawara da kansa a kan ko sujada a kan ruwa ta halatta. Na leƙa na hango Kabiru yana tasa shi kaɗai a gefen jan tantin, ya idar ya shige ya ja zif. Muka ci abinci, bai zo ba. Awa guda, awa biyu, shiru.

"Mi na ce maka?" in ji Isuhu. "Mutum shi kaɗai, cikin sanyi, da kwalba. Kai ma ka san sauran."

A lokacin na riga na yanke hukunci. Har na shirya kalmomin da zan faɗa wa Yaya Sule: yaron ba ya haɗa ido, yana ƙyamar cin abinci da mu, kuma yana da abin da yake ɓoyewa. Na tuna fuskar Nafisa a bakin ƙofa, na ji tausayinta ƙwarai, don yarinyar ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Amma gara ta yi kukan wata guda da ta yi na shekaru. Abin da ya rage kawai in gani da idona, don gani ya kori ji. Na ce wa Isuhu zan je in duba yadda cikin jan tantin yake, ai kwatantawa muka zo yi.

Na tafi da sanɗa, iska na yanka mini fuska. Na kama zif na zuge shi gaba ɗaya.

Yana zaune a kan bokiti, a dunƙule. Babu hita. Numfashinsa ya daskare a jikin tantin ya zama farin gari, duk motsin iska sai ya zubo masa a kafaɗa. Gashin idonsa fari, leɓɓansa sun canza launi. A hannu ɗaya burodi ne da man gyaɗa, a ɗayan kwalbar nan. Kafin ya motsa na fizge ta na kai hanci.

Shayi ne. Da citta da kanumfari da masoro, haɗin da ba na ɓata shi ko a mafarki, don a kicin ɗina ake daka shi.

Ya ɓoye burodin a bayansa kamar wanda aka kama da sata, ya zame daga bokitin ya durƙusa a kan ƙanƙara. Wannan karon ina kusa, na ji gungunin da kyau. "Baffa, ina wuni," yake cewa da karyayyar Hausa. Na dubi takalmansa. Na roba ne, dogaye, ko alamar igiya babu.

Na ce, "Ina hitarka?"

Ya ce biyu yake da su.

"To me ya hana ka shigowa wurinmu? Mutuwa kake so ka yi?"

Ya yi ta kokawa da aljihun ƙirjinsa, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa, kan biyu daga ciki sun yi fari kamar kyandir. Da ƙyar ya zaro wata takarda ya miƙo mini da hannu biyu. Rubutun Rabi ne, matata. Kada ka dubi idonsa. Kada ka ci ko ka sha a gabansa. Kada ka kama sunansa. Kada ka zauna a ɗakin da yake zaune. In ka gan shi ka durƙusa. In akwai wani a wurin, ka bi ta bakinsa.

Kansa a ƙasa ya ce, "Na tambayi Anti yadda kai ka yi da mahaifinta lokacin da kake neman aurenta. Ta ce haka ka yi. Na ce ta rubuta mini don kar in manta."

Wallahi haka na yi. Shekara talatin ban taɓa haɗiyar ko ruwa a gaban mahaifin Rabi ba har Allah ya karɓi ransa. Akwai ranar da ruwan sama ya tare ni a ƙofar gidansu a Malumfashi, yana zaune a zaure, na gwammace in tsaya a waje in jiƙe sharkaf da in shiga in zauna kusa da shi. Da ɗan Funtua ne ya yi mini abin da yaron nan ya yi, da tun a ƙofar gida na gane, har in yi alfahari. Amma da na ga farar fata sai na auna shi da mudun Turawa, shi kuwa da namu mudun yake ta auna kansa tun daga Maryland. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, a tsaye da kwalbar shayin mutum a hannuna.

Na ce ya tashi mu tafi. Ya ce takarda ta hana. Na ce ni ne mijin mai takardar, na soke ta. Ya ƙi motsi. Sai da na ƙwala wa Isuhu kira muka kama shi hagu da dama. A cikin shuɗin tantin ma ya ƙi zama, ya ƙi ƙarasa burodinsa. Isuhu ne ya samo dabara: ya ɗaure bargo daga wannan bango zuwa wancan, ya raba tantin biyu, ya tura hita ɗaya ta can. "Wala, ga shi nan. Yanzu ɗaki biyu ne. Ci abinka, yaro, surukinka ya yi tahiya." Muka ɗumama ruwa kaɗan ya tsoma yatsun. Ina jin sa ta bayan bargo yana cije baki don zafi, daga baya kuma na ji yana tauna a hankali don kar in ji. Isuhu bai ƙara maganar kwalba ba, ramin kifinsa kawai yake kallo.

Likitan da ya duba shi a garin ya ce an yi sa'a, fatar kan yatsun za ta saɓule amma za su warke. Don haka, likitanmu na Wheaton, ga amsarka: in kai kaɗai ne kuma kana son yawo, sayi mai baho. In kana son ka tsaya ka yi salla ka kuma fita da yatsunka goma, sayi mai kauri, ka haƙura da nauyinsa, kuma kar ka rufe 'yar tagar nan. Jan kuwa ko kyauta aka ba ka, sai da hita.

Mun iso gida da la'asar washegari. Nafisa ta gaishe ni ba ta tambayi komai ba, ta shige kicin tana wanke tukunyar da na tabbata an riga an wanke ta. Na zauna a falo na kira Funtua, na bar ƙofa a buɗe da gangan. Muka gaisa da Yaya Sule, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi. Na fara ba shi labarin aikin yaron da iyayensa, sai ya katse ni.

"Haruna, bar wannan duka. Abu ɗaya zan tambaye ka. Yana da kunya?"

Na ce, "Yaya, saura kaɗan ta cinye masa yatsu biyu."

Sannan ya ce, "To, ku sa rana."

A kicin na ji murfin tukunya ya faɗi ƙasa, yana ta juyi, ba wanda ya ɗauka.